Ɗalibi a Takarda, Lebura a Gona: Tarihin Bizar Koyon Sana'a ta Japan

A shekarar 2023 kaɗai, hukumar shige da fice ta Japan ta rubuta mutum 9,753 a jerin waɗanda suka ɓace. Matasa ne 'yan ƙasashen waje, fiye da rabinsu daga Biyetnam, da suka shiga ƙasar da bizar koyon sana'a. Wata rana kowannensu ya tattara 'yan komatsansa, ya fice daga ɗakin kwanan da maigidan aikinsa ya ba shi, bai koma ba. A wata ƙasa, wanda ya yi haka cewa za a yi ya bar aiki. A Japan, ga mai irin wannan biza, barin aiki daidai yake da zubar da izinin zama, domin takardarsa a ɗaure take da sunan kamfani guda. Shi ya sa ake ƙirga shi cikin ɓatattu.

Wannan ƙa'ida ta haura shekara talatin tana aiki. A ƙarshen 2024 mutum fiye da dubu 450 ne ke zaune a ƙarƙashinta. Su ne ke kan kekunan ɗinki a Gifu. Su ne ke yanke latas da fitila tun kafin asuba a ƙauyen Kawakami na lardin Nagano, su ke ɓare kawa a gaɓar tekun Hiroshima, su ke walda a wuraren ƙera jiragen ruwa, su ke cika kwanukan abincin da ake sayarwa a kantunan da ba sa rufewa dare da rana. A takarda dukkansu ɗalibai ne da suka zo koyon fasaha don su koma su gina ƙasashensu. Dokar da ke kula da su ta faɗi a fili cewa ba za a yi amfani da tsarin wajen cike giɓin ƙarancin ma'aikata ba. Amma da wuya a sami manomi ko mai masana'anta a Japan da bai san cewa aikin da tsarin ke yi ke nan ba.

Da fari abin ya yi daidai da sunansa. A watan Oktoban 1954, shekara tara bayan ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Biyu, Japan ta shiga Shirin Colombo, wani ƙawancen taimakon fasaha na ƙasashen Asiya, ta fara karɓar jami'ai da injiniyoyi daga maƙwabta tana horas da su. A 1959 aka kafa ƙungiyar AOTS don kawo ma'aikatan waje su koyi aiki a masana'antun ƙasar. Da manyan kamfanoni suka fara buɗe rassa a kudu maso gabashin Asiya cikin shekarun 1960, sai suka riƙa ɗauko ma'aikatansu na can, su yi 'yan watanni a hedikwata, su koma su shugabanci sashe. Wannan horo ne na gaske, domin akwai masana'antar da ke jiran mutum a gida, akwai injin da zai koma ya tayar.

Japan kanta ta ɗanɗana irin wannan tafiya. Tsakanin 1957 da 1965 ta tura masu haƙar kwal 436 zuwa yankin Ruhr na Jamus ta Yamma, tun daga 1956 kuma tana tura samarin karkara gonakin Kalifoniya. Abin da ba ta yi ba shi ne abin da Jamus ta yi, wato ɗebo leburori daga Italiya da Turkiyya a fili da sunan leburori. Ba ta buƙaci hakan ba a lokacin. Ƙauyukanta cike suke da yara, kuma duk ƙarshen shekarar karatu jiragen ƙasa na musamman kan kwaso waɗanda suka gama ƙaramar sakandare daga arewa maso gabas, su sauke su a tashar Ueno ta Tokyo, inda masu masana'antu ke tsaye suna jiransu. Saboda tsadarsu har laƙabi aka yi musu, ana ce da su ƙwan zinariya. Jirgi na ƙarshe irin wannan ya tashi a 1975.

Zuwa ƙarshen shekarun 1980 al'amura sun juya. Bayan yarjejeniyar Plaza ta 1985 kan canjin kuɗaɗen manyan ƙasashe, darajar yen ta yi tashin gwauron zabo, kuɗi suka yi yawa a gari, matasan Japan suka juya baya ga ayyukan da suke kira masu wahala, masu datti, masu haɗari. Ƙananan masana'antu, waɗanda su ne ke ƙera wa manyan kamfanoni ƙananan kayan haɗi, suka rasa hannu. Samari daga Pakistan da Bangladash da Iran, waɗanda a lokacin ba sa buƙatar biza don ziyara, suka riƙa shigowa suna maƙalewa. Gwamnati ta janye wannan sassauci ga Pakistan da Bangladash a 1989, ga Iran a 1992, duk da haka a 1993 waɗanda suka zarce wa'adin zamansu sun kusa dubu 300.

'Yan siyasa suka shiga tsaka mai wuya. Matsayin gwamnati a rubuce tun 1988 shi ne a yi maraba da ƙwararru, a yi taka-tsantsan da leburori. Masu masana'antu da manoma kuwa, waɗanda muryarsu ke da ƙarfi a jam'iyyar LDP mai mulki, leburorin suke nema. Maimakon a fito a yi muhawara gaban jama'a kan ko ƙasar za ta karɓi ma'aikatan waje, sai aka bi ta bayan fage, aka buɗe ƙananan ƙofofi biyu. Ta farko gyaran dokar shige da fice ne da ya fara aiki a watan Yunin 1990, wanda ya ba 'ya'ya da jikokin Japanawan da suka yi ƙaura zuwa Birazil da Peru damar zuwa su zauna su yi kowane irin aiki. Ta biyun ba ta yi ƙara ba, amma ita ce ta fi tasiri. A watan Agustan wannan shekara, wata sanarwa ta ma'aikatar shari'a ta ba ƙananan kamfanoni izinin karɓar masu koyo ta hannun ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na gama kai, ko da kamfanin ba shi da reshe a ko'ina a duniya. Kafin nan ƙa'idar ita ce mai koyo ɗaya ga kowane ma'aikaci ashirin. Yanzu kamfanin da ma'aikatansa ba su wuce hamsin ba yana iya ɗaukar uku a shekara. A 1991 aka kafa ƙungiyar JITCO don tallafa wa tsarin. A 1993 aka ƙara mataki na biyu, wanda shi ne asalin shirin da aka sani a yau: bayan shekarar koyo, mutum zai yi jarrabawa, in ya ci ya zarce da kwangilar aiki a wuri guda. An fara da sana'o'i 17 da wa'adin shekara biyu. A 1997 wa'adin ya zama uku. Yau sana'o'in sun kai wajen 90.

Lissafin bai da wuya. Uku a shekara, shekara uku, tara ke nan. Shagon ɗinkin da mata da miji ke riƙe da shi tare da 'yan ma'aikata biyu ko uku yana iya samun baƙi tara a kan kekuna. Wace fasaha irin wannan shago zai koya wa matar da ta riga ta yi shekaru tana ɗinki a wata masana'anta a ƙasar Sin? Tsarin ma da kansa ya ce sai wanda ya taɓa yin sana'ar a gida zai zo, sharaɗin da ya buɗe kasuwar takardun shaidar aiki na bogi a ƙasashen da ke turowa.

Babban tarkon yana shekarar farko. Tun da doka ta ce mai koyo ba ma'aikaci ba ne, dokar ƙwadago ba ta shafe shi ba. Ba albashi yake karɓa ba, alawus ne na wajen yen dubu 60 zuwa 70 a wata, kusan rabin abin da mafi ƙanƙantar albashi zai ba shi. An haramta sa shi aiki bayan lokacin tashi, amma ana sa shi, kuma da yake aikin haramtacce ne babu farashin da doka ta yanka masa. A masana'antun ɗinki yen 300 a awa ya zama sanannen farashi, a lokacin da mafi ƙanƙantar ladan awa a kowane lardi ya haura 600. Shari'o'in da aka kai kotu a shekarun 2000 sun fito da abubuwa iri ɗaya: maigida ya riƙe fasfo da littafin banki, ana cire wani kaso na kuɗin mutum da sunan ajiya ba ya gani sai ranar tafiya, an hana waya, an hana kwana a waje, an yanka tara kan ƙananan laifuka. Wanda ya buɗe baki kuwa, sai a zo masa da mota da sassafe, a kai shi filin jirgin sama, a danna shi gida da bashinsa a wuya. Ippei Torii, wani jagoran ƙwadago a Tokyo, ya yi suna ne wajen rugawa filin jirgi shi da mutanensa don tare irin wannan kora, aikin da ya sa ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta karrama shi a 2013.

Duk wanda ya taɓa kai ɗansa wajen tela ko bakanike ya san yarjejeniyar. Yaro zai yi wa maigida hidima, ba albashi sai kuɗin abinci, a ƙarshe a yaye shi da sana'a a hannu. In kuma maigida ya zama azzalumi, uban yaro yakan zo ya ɗauke ɗansa ya kai shi wani shago. Tsarin Japan ya riƙe hidimar, ya sassauta maganar yaye, ya kuma toshe hanyar ɗauke yaro gaba ɗaya. Hujjar ita ce an rubuta jadawalin horon ne don wuri guda, canza wuri zai wargaza shi. A kan wannan hujja aka gina komai. Sai in kamfani ya rushe, ko an tabbatar da cin zarafi a hukumance, sannan a yarda mutum ya sauya, kuma tabbatar da hakan ba ƙaramin aiki ba ne ga wanda bai iya harshen ba, ɗakin kwanansa na maigida ne, wanda zai kai wa ƙara kuma maigidan ne ke biyansa.

Wannan batu na ƙarshe yana buƙatar bayani. Tsakanin matashi da wurin aikinsa akwai hannaye biyu. A ƙasarsa akwai kamfanin da ke ɗaukarsa ya shirya shi. A Japan akwai ƙungiyar sa ido, wadda ke rarraba masu koyo ga kamfanoni, ta kuma riƙa zagayawa don ganin ba a zalunce su ba. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun haura 3,000, kuma kusan duk masu koyo ta hannunsu suke bi. Abincinsu kuwa daga kuɗin da kamfanoni ke biya duk wata ne a kan kowane mai koyo. Ƙungiyar da ta matsa wa kamfani, kamfani zai koma wata.

A watan Yunin 2008 aka tsinci gawar wani ɗan ƙasar Sin mai shekara 31 a ɗakin kwanansa a garin Itako na lardin Ibaraki, inda yake aiki a masana'antar shafa wa ƙarfe ruwan ƙarfe. Zuciyarsa ce ta tsaya. Bincike ya nuna yana yin fiye da awa ɗari na ƙarin aiki a wata, kuma takardun lokacin da kamfanin ya nuna ba su ne na gaskiya ba. A 2010 ofishin ƙwadago ya amince cewa yawan aiki ne ya kashe shi, karo na farko da aka yi wa mai koyo irin wannan hukunci. A lokacin matsin lamba ya riga ya taso daga waje. Tun 2007 rahoton shekara-shekara na Amurka kan fataucin mutane yake ambaton shirin. A watan Maris na 2010 Jorge Bustamante, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin baƙin haure, ya ziyarci Japan ya ce a wasu wuraren yanayin na iya kaiwa ga bauta, ya nemi a soke shirin. A watan Yulin wannan shekara gyara na farko mai ma'ana ya fara aiki: bayan ɗan gajeren darasin aji, dokar ƙwadago ta shafi mai koyo tun daga shekarar farko, aka kuma haramta karɓar kuɗin jingina. Hanin sauya wurin aiki kuwa bai motsa ba.

Maƙwabciyar Japan ta riga ta bi wannan hanya ta juyo. Koriya ta Kudu ta kwaikwayi tsarin a farkon shekarun 1990, matsalolin kuma suka biyo ta. A watan Janairun 1995 wasu 'yan Nepal goma sha uku suka zauna a harabar majami'ar Myeongdong da ke Seoul, da sarƙoƙi a jikinsu, suna neman a daina dukansu, a ba su fasfonsu da kuɗinsu. Hoton ya girgiza ƙasar. A 2004 Koriya ta fara tsarin izinin aiki, inda gwamnati ke hulɗa da gwamnati kai tsaye ba tare da 'yan tsakiya ba, ta kuma kira ma'aikaci ma'aikaci. A 2007 ta binne tsarin masu koyo. Nata tsarin ma ana sukarsa, domin shi ma ya taƙaita sauya wurin aiki, amma kuɗin da matashi ke kashewa kafin ya isa Seoul ya faɗi ƙasa warwas. Japan ta ga wannan duka, ta ci gaba da nata har shekara ashirin.

A halin da ake ciki fuskokin sun canza. A shekarun 2000 mafi yawan masu zuwa 'yan ƙasar Sin ne, a wasu shekarun fiye da kashi 70 cikin ɗari. Da albashi ya tashi a gida sai suka rage zuwa, a 2016 kuma 'yan Biyetnam suka sha gabansu. A bayan garin Hanoi makarantun share fage suka yi ta tsirowa. Saurayi ko budurwa daga ƙauyukan Nghe An ko Ha Tinh kan yi watanni a irin wannan makaranta, cikin kayan ɗalibai, a tashe su motsa jiki da sassafe, a koya musu gaisuwa da rusunawa da yadda ake ware shara, tare da harshen Japan gwargwadon abin da zai shiga. Masu kamfanoni kan taso daga Japan su zo su zaɓa. Duk wannan da kuɗi ne, kuma tun daga ƙauye akwai dillalin da ya nuna hanya yana jiran la'adarsa. Binciken da hukumar shige da fice ta Japan ta fitar a 2022 ya nuna cewa matsakaicin abin da mai koyo ke biya kafin ya taso ya kai wajen yen dubu 540. Ɗan Biyetnam yana biyan kusan dubu 690, abin da ya haura albashin shekara biyu na mai karɓar mafi ƙanƙantar albashi a Hanoi. Ɗan Filifin kuwa bai kai dubu 100 ba, domin gwamnatinsa ta hana a caje shi kuɗin samar da aiki. Fiye da rabin waɗanda aka tambaya da bashi suka zo. A Biyetnam iyaye kan kai takardar gonarsu, wadda suke kira jan littafi, banki ya riƙe.

Wanda ya sauka a Japan da irin wannan nauyi ba ya iya cewa a'a. Komawa gida kafin wa'adi na nufin gona ta tafi. In wurin aikin ya yi kyau, kuma da dama suna da kyau, sai ya biya bashi a shekarar farko, ya tara a sauran biyun, ya koma ya gina wa iyayensa gida ko ya buɗe shago. Akwai manoma tsofaffi da ke ɗaukar waɗannan yara kamar nasu, har su je Biyetnam bikin aurensu. Ba adalci ba ne a shafe wannan. Sai dai alherin da ake samu daga halin maigida yake fitowa, tsarin bai tilasta shi ba. In aka yi rashin sa'a, zaɓi biyu ne: haƙuri ko gudu.

A watan Nuwamban 2016 majalisar dokoki ta yi wa shirin doka ta musamman, wadda ta fara aiki bayan shekara guda. An kafa hukumar OTIT mai ikon binciken kamfanoni, an sa hukuncin ɗauri kan ƙwace fasfo. A lokaci guda kuma aka tsawaita wa'adi zuwa shekara biyar, aka ƙara kula da tsofaffi cikin sana'o'in. Da hannu ɗaya ana gyara, da ɗayan ana faɗaɗawa. A watan Maris na 2018 labari ya fito cewa an sa wani ɗan Biyetnam da ya zo koyon aikin gini kwashe ƙasar da tururin nukiliya ya gurɓata a Fukushima, ba tare da an gaya masa haɗarin ba.

Ƙarshen wannan shekara ta 2018 ne aka ga wani abu da ba a saba gani ba a majalisar Japan. Gwamnatin Shinzo Abe ta kawo ƙudurin sabuwar bizar ma'aikata masu ƙwarewa, karo na farko da ƙasar za ta karɓi masu aikin hannu da sunan aiki. 'Yan adawa suka ce sai an nuna musu abin da ke korar masu koyo. Ma'aikatar shari'a tana da takardun tambayoyin da ta yi wa mutum 2,870 da suka gudu aka kama su. Ta yarda 'yan majalisa su duba, amma ta hana ɗaukar hoto ko kwafi. Sai 'yan majalisar suka zauna a ɗaki, suna karɓa-karɓa, suka kwafe takardun da hannu ɗaya bayan ɗaya, kwana da kwanaki. A ƙididdigar gwamnati mutum 22 ne kawai suka ce ana biyansu ƙasa da mafi ƙanƙantar albashi. Da 'yan adawa suka raba kuɗin da kowa ya ce yana karɓa da awoyin da ya ce yana yi, sai suka tarar kusan kashi biyu cikin uku ne. A cikin wannan muhawara ce kuma ma'aikatar ta bayyana cewa masu koyo 174 sun mutu tsakanin 2010 da 2017, yawancinsu matasan da sai da likita ya tabbatar da lafiyarsu kafin su taso. Sabuwar bizar ta fara aiki a watan Afrilun 2019, mai ita yana da 'yancin sauya kamfani a fanninsa. Tsohuwar ta ci gaba da zama a gefenta, har ta zama babbar hanyar shiga sabuwar.

Shari'ar da ta fi taɓa zukata ta fito ne daga wata gonar lemo a lardin Kumamoto. Wata budurwa 'yar Biyetnam mai shekara 21 ta ɗauki ciki, ta ɓoye, domin abin da kowa ke faɗa a tsakaninsu shi ne mai ciki gida ake mayar da ita. Doka ba ta ce haka ba, amma binciken hukuma a 2022 ya nuna cewa fiye da mace ɗaya cikin huɗu an taɓa gaya mata hakan. A watan Nuwamban 2020 ta haihu ita kaɗai a ɗakinta, tagwaye maza, babu mai rai. Ta naɗe su da tawul, ta sa su a kwali, ta raɗa musu suna, ta rubuta sunayen a takarda tare da neman gafararsu, ta ɗora kwalin a kan wata kanta da ke ɗakin. Washegari aka kai ta asibiti ta faɗi abin da ya faru. Aka kama ta da laifin yasar da gawa. Kotun farko ta yi mata ɗaurin je-ka-gyara-halinka, kotun ɗaukaka ƙara ta rage amma ta bar laifin. Ta ƙi yarda. Dubban mutane suka sa hannu a takardar goyon bayanta, kuma a ranar 24 ga Maris, 2023, kotun ƙoli ta wanke ta.

Kafin wannan hukunci gwamnati ta riga ta fara ja da baya. A watan Janairun 2022 wata ƙungiyar ƙwadago ta fitar da bidiyon yadda abokan aiki ke dukan wani ɗan Biyetnam a kamfanin gini a Okayama, dukan da ya ce ya sha na kusan shekara biyu har da karayar haƙarƙari. A watan Yuli ministan shari'a Yoshihisa Furukawa ya amsa a fili cewa akwai tazara tsakanin manufar shirin da abin da ke faruwa a ƙasa. Tausayi ba shi kaɗai ya kawo wannan ba. Yawan mutanen Japan yana raguwa tun wajen 2008, masu shekarun aiki tun tsakiyar shekarun 1990. Yen ta yi rauni har dala ɗaya ta kai yen 160 a 2024, abin da ake aikawa gida ya zube, matasan Biyetnam suka fara kallon Koriya da Taiwan da Ostareliya. Ƙasar da ta saba zaɓen ma'aikata ta wayi gari ita ake zaɓa ko a bari.

Wani kwamitin masana da gwamnati ta kafa ƙarƙashin Akihiko Tanaka, shugaban JICA, hukumar Japan mai kula da taimakon ƙasashen waje, ya miƙa rahotonsa a watan Nuwamban 2023. Ya ba da shawarar a soke shirin, a kafa wani da zai faɗi gaskiyar manufarsa, wato samo ma'aikata da horas da su, a kuma bar mutum ya sauya wurin aiki bayan shekara ɗaya. A kan wannan shekara ɗaya aka kai ruwa rana. 'Yan majalisar LDP daga karkara suka ce in aka buɗe ƙofa, kowa Tokyo zai nufa. Tsoronsu yana da tushe: a ƙarshen 2024 mafi ƙanƙantar ladan awa a Tokyo yen 1,163 ne, a lardin Akita 951. Daga ƙarshe aka daidaita a kan shekara ɗaya zuwa biyu gwargwadon fanni, da sharaɗin cin jarrabawar sana'a da ta harshe, kuma a cikin fanni guda. Majalisa ta amince da dokar a ranar 14 ga Yuni, 2024.

Yadda maganar baƙi ke da zafi a Japan ya bayyana ga 'yan Najeriya a watan Agustan 2025. A gefen taron Japan da ƙasashen Afirka da aka yi a Yokohama, JICA ta haɗa garuruwa huɗu na Japan da ƙasashe huɗu don musayar al'adu, aka haɗa garin Kisarazu da Najeriya, garin Sanjo da Gana. Wata sanarwa daga fadar gwamnatin Najeriya ta ce za a samar da biza ta musamman ga matasa masu son zuwa aiki. Japan ta ƙaryata, aka janye maganar, amma ofisoshin garuruwan sun riga sun cika da kiraye-kirayen masu fushi. A watan Satumba JICA ta soke shirin haɗa garuruwan baki ɗaya. Ƙasashen da ke tura masu koyo kusan duk na Asiya ne, kuma duk matashin Kano ko Maraɗi da dillali ya yi wa alkawarin irin wannan biza ya kamata ya san haka kafin ya sayar da fili.

Sabon tsarin da dokar 2024 ta kafa zai fara aiki a watan Afrilun 2027. Wa'adinsa shekara uku ne, da nufin mutum ya kai matakin bizar ma'aikata masu ƙwarewa, wadda matakinta na biyu ke ba da damar kawo iyali da zama ba iyaka. Ofisoshin samar da aiki na gwamnati da ƙungiyoyin sa ido ne za su shiga tsakani wajen sauya wuri, an hana dillalai masu zaman kansu. Ƙungiyoyin sa idon su ne dai na da, da sabon suna da sharaɗin ɗaukar mai binciken waje, kuma har yanzu kamfanoni ne za su riƙa biyansu. Lauyoyi irin su Shoichi Ibusuki, wanda ya daɗe yana kare masu koyo a kotu, suna ganin sharuɗɗan sauya wuri sun yi tsauri har 'yancin na iya tsayawa a takarda. Waɗanda suka shiga Japan kafin ranar fara sabuwar doka kuwa za su ƙarasa wa'adinsu ne a ƙarƙashin tsohuwar, kuma makarantun bayan garin Hanoi da na Jakarta suna ci gaba da ɗaukar ɗalibai.